SAI BANGO YA TSAGE ƘADANGARE KE SAMUN WURIN SHIGA

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan ƙungiyarmu, tsohon ma'aikacin likita da ya yi ritaya, ya yi a taron shekara bayan an gama kaka. Mun buga shi domin ƴan'uwa da ke ci-rani waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma shiga da shi cikin gida a karanta wa mata.

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ranka ya daɗe maigari, Allah ya gafarta malam liman da sauran malamai, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata da ke zaune can bayan zana, shugaban ƙungiya da magatakarda da ma'aji, da ƴan'uwana ƴan ci-rani da kuka taso daga Kano da Legas da Yamai da Agadas da sauran wurare, ina yi wa kowa barka da zuwa, barka da arziki.

Shugaba ya ce in yi magana a kan lafiyar yara. Na san wasu sun zaci zan ɗauko maganar masassarar cizon sauro, ko tamowa, ko ƙyanda, tun da su ne manyan da kowa ke tsoro. To, yau ƙaramin abu na zo da shi, abin da muka raina har ba mu sa shi cikin lissafin ciwo, watau ƙurji. Idan aka tambayi uwa lafiyar ɗanta, sai ta ce, "Lafiya lau, sai dai ƴan ƙuraje." Wannan "sai dai" ɗin ita ce ta tsai da ni gabanku.

ABIN DA IDONA YA GANI

Lokacin da nake aiki a wani gidan likita na ƙauye tsakanin Agiye da Gazawa, wata rana da hantsi, ƙarshen damina, aka kawo mini yaro ɗan shekara shida a kan amalanke. Kakarsa ce ta kawo shi, ubansa yana Legas. Fuskar yaron ta kumbura har idanu sun kusa rufewa. Na ce a ba shi kwano ya yi fitsari, sai ga ɗan kaɗan, launinsa kamar shayin da ya daɗe a wuta. Tsohuwa ta ce mini, "Ɗana, wasu sun ce tamowa ce, wasu sun ce iska ce ta taɓa shi a gindin tsamiya." Na ɗaga wandonsa na duba ƙafafu, sai na ga tabo baƙi-baƙi birjik daga gwiwa zuwa idon sawu. Na ce, "Inna, waɗannan fa?" Ta ce, "Ai wannan ba kome ba ne, ƙurajen damina ne, sun warke tun sati uku."

Jama'a, waɗannan ƙurajen da aka ce ba kome ba ne, su ne suka taɓa masa ƙoda. Muka tura shi Maradi, aka kwantar da shi, aka hana masa gishiri, aka yi ta auna jininsa da fitsarinsa, Allah ya tashi kafaɗarsa. Yau magidanci ne.

Amma akwai wadda ba ta samu wannan rabo ba. Jaririya ce ƴar kwana goma, cibiyarta ta yi ja tana fid da mugunya. An sa mata toka, an gasa da tsumma, an jira a ga abin da hali zai yi. Da ta ƙi kama nono kwana guda cur, sa'an nan aka kawo ta. Muka yi abin da za mu iya, muka sa su a mota, ba su kai Cadawa ba rai ya yi halinsa. Kowa da kwanansa, wannan gaskiya ne. Amma har yau in na tuna, sai in ce da an kawo ta kwana biyu kafin nan, da mun samu abin kamawa.

YADDA CIWON KE SHIGA

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fatar jikin mutum ita ce bangonsa. Muddin tana nan lafiya, ƙwayoyin cuta sai dai su zauna a waje. Ƙwayoyin nan ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, kuma biyu ne manyan masu wannan aika-aika. Ta farko likitoci na kiranta sitafilokok. A 1880 wani likitan fiɗa na ƙasar Sikotlan mai suna Ogston ya duba mugunyar maruru a madubi, ya gan su cure wuri guda kamar nonon inabi. Ita ce uwar maruru. Ta biyu sunanta sitireptokok, ita kuwa a jere take kamar ƴaƴan carbi, kuma ita ce mai taɓa ƙoda.

Kada ku ce daga wata ƙasa ake kawo su. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da sitafilokok cikin hancinsa, yana yawonsa lafiya lau, bai sani ba. Abin da take jira kawai shi ne tsaga. Tsagar kuwa a ƙasarmu ba ta da wuyar samu: cizon sauro da yaro ya sosa, ƙarangiya, ƙaya, kututturen gero a gona, ƙurajen zufa, ƙarambau, ƙyanda, askar da aka yi wa yara biyar aski da ita, da kuma ƙazuwa. Farcen yaro shi ke ɗauko ƙwayar daga hanci ko daga wani ƙurjin, ya dasa ta a sabon wuri. Ƙuda ma yana taya shi. Shi ya sa abin ya fi yawa da damina, lokacin da zafi da laima da sauro da ƙuda suka haɗu, kuma lokacin ne iyaye ke gona tun safe, rumbu ya yi ƙasa, kuɗin sabulu ya yi wuya.

Yaron da ba ya samun abinci isasshe, bangonsa ya riga ya yi taushi. Waɗanda suka ga shekarar 2005, lokacin da likitocin ƙungiyar MSF ke jinyar yara masu tamowa a Maradi da nan Agiye, sun ga yadda fatar irin waɗannan yara ke saɓulewa, miki kuma ya ƙi warkewa.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2015 masana sun tattara binciken ƙasashe da yawa, suka ƙiyasta cewa a kowane lokaci yara fiye da miliyan 162 ne a duniya ke ɗauke da irin ƙurajen nan masu ɓawo, yawancinsu a ƙasashe masu zafi da talauci. Amma yawan abu bai mai da shi lafiya ba.

IRINSU HUƊU

Na farko, ƙuraje masu ɓawo. Sukan fara kamar ƴar bororo mai ruwa, ta fashe, ta yi ɓawo mai launin zuma. Sun fi fitowa gefen hanci da baki, da ƙafafu da hannuwa. Ba su cika zafi ba, shi ya sa ake raina su, amma suna da saurin yaɗuwa. Yaro ɗaya ya kawo su daga lakwal ko makarantar allo, kafin sati biyu duk yaran gida sun ɗauka. In an bar su, wasu sukan ci ciki su zama gyambo.

Na biyu, maruru. Kowa ya san shi. Mugunya ce ta taru a ƙarƙashin fata, jiki ya yi mata shinge. Ƙarami yakan nuna ya fashe da kansa. Babba sai an tsaga shi a likita da kayan aiki masu tsabta.

Na uku, kumburi mai yaɗuwa. Shi ba ya tara mugunya wuri guda, sai dai ya bi ƙarƙashin fata yana ci gaba. A littattafan Turawa an ce wurin yakan yi ja, amma a baƙar fata irin tamu jan ba ya fita sosai. Saboda haka ku duba da hannu: wurin ya fi sauran jiki zafi, ya yi tauri, yana sheƙi, yaro ba ya yarda a taɓa. Sau da yawa kaluluwa takan fito a matsematsi ko a hammata, masassara ta biyo baya. Wannan ba na jinyar gida ba ne.

Na huɗu, na jarirai. Jaririn da bai kai wata biyu ba jikinsa bai koyi faɗa da cuta ba tukuna. Ƙurji mai mugunya a jikinsa, ko cibiya mai ja ko mai wari, cikin yini guda ƙwayar tana iya shiga jininsa.

ƘAZUWA ITA CE UWAR TAFIYA

Dattawa, in kun ga gida yara suna ta fama da ƙuraje, an yi magani sun warke sun dawo, to a nemi ƙazuwa. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa rami cikin fata yana yin ƙwai. Alamarta ƙaiƙayi mai tsanani da dare, da ƴan ƙuraje tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da hammata, da kugu. A jarirai har tafin hannu da tafin ƙafa. Yaro ya kwana yana susa, ya wayi gari da tsaga ɗari a jikinsa, kowace kuwa ƙofa ce.

Kwanciya wuri guda ke yaɗa ta, da tabarma ɗaya da mayafi ɗaya. Ba ta san mai kuɗi ko talaka ba, kuma ba abin kunya ba ce. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Abin da nake so ku riƙe shi ne: wanda ya ɗauke ta karon farko yakan yi sati huɗu zuwa shida kafin ya fara jin ƙaiƙayi, alhali kuwa yana ba wasu. Don haka ba a yi wa mutum ɗaya maganin ƙazuwa. Duk masu kwana tare, mai susa da marar susa, rana ɗaya za su shafa maganin da likita ya bayar, yadda ya ce a shafa. Ranar kuma a wanke tufafi da mayafai da ruwan zafi a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi cikin leda sati guda, ƙwaron ba ya daɗewa in ba jikin mutum. Ƙaiƙayi yana iya ci gaba sati biyu zuwa huɗu bayan ƙwaron ya mutu, kada a ce magani bai yi ba a dinga maimaitawa ba da sanin likita ba.

MAGANAR ƘODA

In koma kan yaron da na ba ku labari. Ita ƙwayar mai kama da carbi, in ta zauna cikin ƙurji, jiki yakan tashi yaƙi da ita. To, a wasu yara ƙurar yaƙin nan takan je ta toshe matatar ƙoda. Abin ba ya bayyana nan take, sai bayan sati uku zuwa shida, lokacin da ƙurjin ya bushe kowa ya manta. Alamominsa uku: fuska ta kumbura, musamman da safe, fitsari ya ragu, launinsa ya koma kamar shayi ko ruwan wankin nama. Jinin yaro yakan hau, har wani ya yi ciwon kai ko farfaɗiya. Yawancin yara suna warkewa sarai in an kai su da wuri. Kumburin tamowa daga ƙafafu yakan fara, wannan kuwa a fuska aka fi ganinsa, amma kada ku tsaya rarrabewa. Yaron da ya kumbura, ko wane iri ne, na likita ne. In kun je, ku gaya wa likita cewa ya yi ƙuraje kwanan baya, ko da bai tambaya ba.

ABIN DA ZA A YI A GIDA

Babban magani yana hannunmu, shi ne ruwa da sabulu. Kada ku ga kamar na raina muku hankali. A birnin Karaci na ƙasar Pakistan an yi gwaji a unguwannin talakawa, aka buga sakamakonsa a 2005. An raba wa wasu gidaje sabulu, ana zuwa kowane sati ana tuna musu wanke hannu da yi wa yara wanka, wasu gidajen kuwa aka bar su yadda suke. Bayan shekara guda, ƙurajen nan masu ɓawo sun ragu da kashi 34 cikin 100 a gidajen da ke da sabulu, zawo kuma ya ragu da fiye da rabi. Abin da ya fi burge ni shi ne, sabulu mai magani bai fi sabulun yau da kullum ba. Watau wanda ke teburin kasuwar Agiye ya isa.

Na san ruwa yana da wuya. Na san zurfin rijiyoyinmu, na san iyayenmu mata ke jan guga har tafin hannu ya yi kanta. Amma buta ɗaya tana yi wa yaro wanka in an yi dabara. Mai amalanke da jaki kuma, in ya ɗebo wa shanunsa, ya ƙara jarka ɗaya domin yara.

Ga yadda ake yi in ƙuraje kaɗan ne, yaro kuma yana wasansa ba masassara:

1. A wanke wurin da ruwa mai ɗumi da sabulu sau biyu a yini. A jiƙa ɓawon har ya yi taushi ya fita da kansa, kada a ɓamɓare shi da ƙarfi.

2. A shafa maganin da aka karɓo daga likita, a rufe da ƙyalle mai tsabta saboda ƙuda da susa.

3. A yanke wa yaro farce. Wannan ba ya cin ko dala.

4. A ware masa tsumman goge jiki da soso, a wanke rigarsa a shanya a rana.

5. Wadda ta wanke masa ta wanke hannunta da sabulu kafin ta taɓa jariri ko abinci.

6. Ƙaramin maruru a dinga ɗora masa tsumma mai tsabta da aka tsoma a ruwan ɗumi, sau uku ko huɗu a yini, har ya fashe da kansa.

7. Yara su kwana cikin gidan sauro. Yana tsare masassara, yana kuma rage susa.

In an yi kwana uku ba sauƙi, ko ƙurajen suna ƙaruwa, a tafi likita. Akwai maganin sha na kwana biyar zuwa bakwai da ake bayarwa daidai nauyin yaro.

ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU

Waɗannan ina roƙon magatakarda ya rubuta su da manyan baƙaƙe. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, ko da tsakar dare ne, a nemi kabu-kabu ko amalanke:

1. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu mai ƙurji da mugunya, ko cibiya mai ja, ko wanda ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau.

2. Ƙurji ko maruru tare da masassara, ko yaro ya yi laushi, ko yana ta barci ba ya son tashi.

3. Kumburi mai zafi da ke ci gaba. Ku zagaye bakinsa da bik da safe. In da maraice ya tsallake zanen, ya fi ƙarfin gida.

4. Maruru ko kumburi a fuska, musamman gefen ido, ko tsakanin hanci da leɓe.

5. Wurin ya fara baƙi, ko ya yi bororo, ko zafin da yaro ke ji ya fi girman abin da ido ke gani. An fi ganin wannan bayan ƙarambau.

6. Fata tana saɓulewa kamar wanda ruwan zafi ya ƙona.

7. Yaro ya ƙi taka ƙafa ko ya ƙi motsa hannu. Wataƙila ƙwayar ta kai ƙashi ko gaɓa.

8. Kumburin fuska ko fitsari mai launin shayi.

ABUBUWAN DA ZA MU BARI

A nan sai ku yi mini haƙuri, domin zan taɓa kowa, har da ni kaina, tun da ni ma da su aka rene ni.

Kada a matse maruru. Matsa tana fasa shingen da jiki ya yi, ta tura mugunya ciki. Na fuska ya fi haɗari, domin jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai. Haka nan sakiya a gida da ƙarfe ko reza.

Kada a sa toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko baƙin mai, ko man birki a miki, balle a cibiyar jariri. Ta nan ciwon sandarewar jiki da ke ɗaure haƙora yake shiga. Cibiya a bar ta a bushe da tsabta, ko a sa maganin da ungozomar likita ta bayar.

Kada a shafa wa yaro man nan na sa hasken fata. Da yawansu suna da wani sinadari da ke kwantar da ƙaiƙayi kwana biyu, amma yana kashe ƙarfin fata, ƙwayar cuta ta samu sarari.

Sai babbar magana, kafso na masu talla a kasuwa. Ana sayen biyu ko uku, a fasa ɗaya a barbaɗa a miki, a ba yaro sauran. Jama'a, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Maganin da ya yini a rana bisa tire ba a san ƙarfin da ya rage masa ba. Mai ja da rawaya ɗin nan ma ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara takwas, yana ɓata haƙora. Sa'an nan magani rabi-rabi ba ya kashe ƙwayar cuta, koya mata yaƙi yake yi. A 1928, a birnin Landan, Alexander Fleming ya gano penisilin, kuma a kan wannan ƙwaya ta maruru ya fara ganin aikinsa. Ba a daɗe da fara amfani da shi ba ƙwayar ta koyi kauce masa. Aka ƙero wani sabo, a 1961 aka samu wadda ta gagare shi a Ingila. Yau irin waɗannan masu taurin kai suna ko'ina a duniya. Duk lokacin da muka sha magani ba bisa ƙa'ida ba, muna dasashe wuƙar da za mu nema ran da ciwo ya yi tsanani. In likita ya ce kwana bakwai, a cika bakwai, ko da ƙurji ya bushe ran na uku.

Wanzamanmu kuma, sana'arku gado ce, ba mai raba ku da ita. Roƙona ɗaya ne: kowane yaro da sabuwar rezarsa, ko aski ne ko kaciya, a kuma wanke hannu da sabulu. Uban yaro shi zai saya ya kawo.

GA ƳAN CI-RANI

Ƴan'uwa, ku ne ke aiko kuɗi, saboda haka maganarku tana da nauyi a gida ko kuna nesa. Uban yaron nan da na faɗa muku ya aiko kuɗi tun ƙurajen suna ɗanye, amma a kan kafso suka ƙare. Laifin ba nasa ba ne, ba na tsohuwa ba ne, rashin sani ne. Yanzu kuwa mun sani.

In ka buga salula gida, kada ka tsaya ga "Yaya yara?" a ce maka "Lafiya lau." Ka tambaya: akwai mai ƙuraje? Akwai mai susa da dare? Cibiyar jariri ta bushe? In za ka yi tsaraba, sandar sabulu da abin yanke farce da gidan sauro sun fi kwalin magani da ba ka san kansa ba. Ka kuma bar izini a bayanka. Sau da yawa na ga mace ta ga ciwo ta gane shi, amma ta zauna kwana biyu tana jiran a samu maigida a waya ya ce a tafi. Ka gaya mata tun kafin ka tashi, a gaban mahaifinka ko wanka, cewa in yaro ya yi ɗaya daga cikin alamomin nan ta tafi likita, a gaya maka daga baya.

In ka dawo daga inda kuke kwana goma a ɗaki guda kana susa, ka fara zuwa likita kafin ka rungumi ƴaƴanka. Waɗanda kuma ke da yara almajirai a Katsina ko Kano ko Zariya, in kun kai ziyara ku duba tsakanin yatsunsu da ƙafafunsu, ku bar wa malam sabulu. Malam ɗaya ba zai iya duba fatar yara hamsin ba, kuma ɗan naka ne.

GA DATTAWA DA ƘUNGIYA

Tun 2001 aka shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, a 2006 kuma gwamnati ta yi dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Ba zan ɓoye muku ba, wani lokaci akan je a tarar magani ya yanke, a rubuta maka takarda ka saya. Duk da haka, ganin likita da takardar magani daidai ya fi sayen na tire a makance. Abin da ya fi hana mutane zuwa shi ne kuɗin hanya da kuɗin takardar nan, kuma nan ne ƙungiya za ta iya sa hannu.

Ku dubi abin da mutanen Ɗan Saga suka yi nan ƙasar Agiye. Gonaki sun yi fayau, iska na binne shuka. Ba su jira an kawo musu itace daga wata ƙasa ba. Suka koma ga sassaben zamani, suka riƙa barin tohon da ke fitowa daga kututture, suka kafa kwamitin tsaro maza da mata masu zagayawa suna duba. Yau baƙi na zuwa daga nesa su ga itatuwansu. To, in an iya kafa kwamiti domin tohon sabara da kalgo, ashe ba za a iya kafa shi domin ƴaƴanmu ba?

Ga shawarwari uku da nake ajiyewa gaban shugaba. Na ɗaya, a ware wani abu daga kuɗin ƙungiya a ajiye wurin ma'aji a nan gida, domin kuɗin hanyar yaro marar lafiya zuwa Agiye ko Maradi, a bayar nan take, a yi lissafi daga baya. Na biyu, kafin kowace damina ƙungiya ta sayi sabulu a kan sari ta raba wa makarantun allo da lakwal da gidajen da suka fi buƙata. Na uku, a kowace unguwa a zaɓi mace ɗaya dattijuwa da ake jin maganarta, a kai su wurin manjo ya nuna musu alamomin nan takwas, su riƙa leƙa gidajen masu jego da masu ƙananan yara. Malam liman kuma, Allah ya gafarta maka, kalma ɗaya daga bakinka bayan sallar Juma'a ta fi jawabina goma. Kullum kuna gaya mana tsabta cikon addini ce.

Iyayena, ba na zo in ce a daina addu'a ba, ko a raina abin da kakanni suka bari. Lafiya ta Allah ce, shi ke bayarwa. Amma shi ne ya ce tashi in taimake ka. Mai gida ba ya ganin tsaga a bangonsa ya ce sai damina ta wuce. Yau da maraice in kun koma gida, kowa ya kira yaransa da jikokinsa, ya duba ƙafafu da yatsu da bayan kunne. Wanda aka samu da ƙurji a wanke masa tun yau.

In na faɗi abin da ya ɓata wa wani rai, a gafarce ni. Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da matafiya masaukinsu lafiya.